Sito da tirelolin haya: yadda masana'antu ke rubuta su a littafin lissafi

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma akwai wani bashi da manyan kamfanoni suka daɗe suna ɗauke da shi ba tare da ya fito fili ba, wato kuɗin haya. Mu da ke harka a kasuwannin kan iyaka irin su Konni, Illela, Jibiya da Maigatari, sau da yawa mukan biya kuɗin siminti, sukari ko taliya tun kafin kaya su fito daga masana'anta. Ke nan mu ma masu bin kamfanin bashi ne, ya kamata mu san nauyin da ke wuyansa.

Ba duk abin da muke gani a harabar masana'anta ne nata ba. Sito, tireloli, janareto, wani lokacin har filin da aka kafa injuna, na haya ne na shekara da shekaru. A tsohuwar ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IAS 17, idan hayar ta amfani ce kawai, kayan za su koma hannun mai su, to kamfani zai rubuta kuɗin hayar shekarar ne kurum a cikin abin da ya kashe. Alƙawarin sauran shekarun ba ya shiga takardar dukiya da basussuka, sai dai a ambace shi can cikin bayanan ƙarshen rahoto.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar IASB da ke Landan, mai tsara ƙa'idojin lissafi, ta ƙiyasta cewa kamfanonin da ke kasuwannin hannun jari suna da alƙawarin haya na kimanin dala tiriliyan 3.3, kuma fiye da kashi 85 cikin 100 ba ya cikin wannan takarda. Shi ya sa a watan Janairun 2016 ta fitar da sabuwar ƙa'ida, IFRS 16, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019.

Ga yadda abin yake. A ce masana'antar taliya ta kama hayar sito na shekara 5, tana biyan sefa miliyan 10 a ƙarshen kowace shekara. A da, miliyan 10 za a rubuta duk shekara, shi ke nan. Yanzu kuwa tun ranar da aka karɓi mabuɗi, akawun kamfani zai tambaya: wannan miliyan 50 da za a biya sannu a hankali, nawa ce darajarta a yau? Idan banki na ba kamfanin rance da ruwan kashi 10 cikin 100, amsar ita ce kusan miliyan 37.9. Sai a rubuta adadin sau biyu: a ɓangaren dukiya a matsayin haƙƙin amfani da sito, a ɓangaren bashi kuma a matsayin abin da ake bin kamfanin.

Daga nan kowace shekara ana rage darajar haƙƙin da kusan miliyan 7.6, a kuma lissafa kuɗin ruwa a kan ragowar bashin. A shekarar farko ruwan ya kai miliyan 3.8, jimilla kusan miliyan 11.4. A ta ƙarshe jimillar takan sauko zuwa miliyan 8.5. Mai sito dai miliyan 10 ɗinsa yake karɓa, kuma idan aka haɗa shekarun biyar miliyan 50 ɗin ce. Abin da ya canza shi ne bashin ya fito fili, riba kuma ta ɗan ragu a farkon haya. An ɗauke wa kamfanoni wannan aiki a hayar da ba ta wuce wata 12 ba, da ta ƙananan kaya irin su kwamfuta da kujerun ofis.

Sai dai iyaka ta raba tsari. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya sun koma ƙa'idojin IFRS tun 2012, Ghana kuwa tun 2007. Nijar, Kamaru, Cadi da Benin suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, waɗanda ke bin tsarin SYSCOHADA da aka sabunta daga 1 ga Janairun 2018. A wannan tsari, hayar da za ta ƙare da sayen kayan ce ke shiga dukiya da bashi, haya zalla kuwa kashe kuɗi ce kamar da, in ban da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, waɗanda aka wajabta musu su haɗa da rahoton IFRS. A Amurka ma hayar na shiga takardar, amma ana raba kuɗinta daidai wa daida kowace shekara.

Saboda haka masana'antu biyu masu haya iri ɗaya, ɗaya a Kano ɗaya a Maraɗi, ta Kanon na iya zama kamar ta fi bashi alhali nauyinsu ɗaya ne. Duk dilan da zai zuba miliyoyi kafin ya ga kaya, ko zai sayi hannun jari, ya nemi rahoton shekara, ya sa wanda ya san lissafi ya duba masa abu uku: nawa ne bashin haya, nawa za a biya cikin wata 12 masu zuwa, kuma yaushe hayar sito da motoci za ta ƙare. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma ranar da kamfani ya durƙushe, mai tirela zai janye motarsa, mai sito ya karɓi mabuɗinsa, mu kuwa mu shiga layin masu bin bashi.