Doguwar Tafiya a Keke Daga Sakkwato: Zaure Ya Fi Tanti

A watan Mayun 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke ya nufi Masar don neman gurbin karatu a jami'ar Azhar. Ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Binin da Nijar, aka tsare shi har sau uku a hanya. Sai da ya kai Chadi bayan tafiyar kusan kilomita 4,000 sannan masu alheri suka biya masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira. Kafin shi, Aliyu Abdullahi Bala ya bar Jos a kan keke a Fabrairun 2021, ya isa Saudiyya a Disambar 2022. Duk su biyun buƙata ce ta ɗora su bisa sirdi, ɗaya ilimi, ɗaya ibada.

A Turai kuwa abin ya zama nishaɗi mai tsari. Akwai hanyoyin keke da ake kira EuroVelo, ɗaya daga cikinsu ta taso daga gaɓar tekun Atlantika a Faransa, ta bi kogin Danube har Baƙin Teku. Mutum zai ɗaure tanti da tukunya a bayan keke, ya yi makonni yana ratsa gonakin alkama da na inabi, inda dare ya yi ya biya kuɗin fili ya kwana. To, wanda ya tashi daga birnin Sakkwato da irin wannan niyya, me zai tarar?

Ƙasar dai kamar don keke aka shimfiɗa ta. Babu tsaunin da zai sa a sauka a tura, garuruwa kuma ba su yi wa juna nisa ba. Wanda ya fita ta arewa zai ƙetare gulbin Rima, ya bi ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, daga nan sai Birnin Ƙonni a Nijar. A ƙasar Gwadabawa ne Degel take, daga nan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Wanda ya fita ta kudu zai bi ta yankin Bodinga, inda Sifawa take, mazaunin Shehu kafin ya koma Sakkwato a 1815, sai Shagari da Tambuwal. Ta arewa maso gabas kuma akwai Achida da kasuwarta, da Wurno inda aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, da madatsar ruwan Goronyo.

Abin da mai mota ke wucewa a guje, mai keke a hankali yake ganinsa. Bayan kaka zai ga dammunan gero a jere a bakin gona ana jiran raƙumi ko amalanken shanu, ga manyan rumbunan ƙasa a bayan gidaje. Idan ya gangara fadama da rani sai duniyar ta sauya: koren albasa da tafarnuwa da tattasai, injin ban ruwa na ta ƙara, warin ɗanyar albasa ya riga buhunanta isowa hanya. Yunwa ba ta cikin matsalolinsa. Da wuya ya yi awa biyu bai haɗu da mai fura da nono ba, ko mai rake, ko mai ƙosai a bakin tasha.

Lokaci ne ba a yi masa gardama. A watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, wanda ya fita da hantsi da kaya a bayan keke kansa yake nema wa wahala. Da damina hanyoyin ƙauye kan yanke, sauro kuma ya mallaki fadama. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tafiyar ke daɗi, ko da yake iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai zuwa Illela ko Wurno da ita zai yi ta kokawa, mai zuwa Tambuwal kuwa tura shi za ta yi.

Sai ƙaya. Gawo itace ne mai ban mamaki, yana zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, shi ya sa matafiyi ke karkata zuwa inuwarsa da azahar. Amma ƙarƙashinsa ƙaya ce, haka ma ƙarƙashin aduwa, ga tsidau da ke shimfiɗe a gefen hanya yana jiran taya. Wanda ya san kan abin yakan sauka tun a bakin kwalta ya saɓa keken a kafaɗa. Famfo da kayan faci da sifana ba a barinsu a gida. Nan ne tsohon keke irin Raleigh ko Phoenix ya fi na zamani mai giya ashirin: idan kacarsa ta tsinke, mai gyaran keke na kowace kasuwar ƙauye zai haɗa ta, na zamani kuwa sai an komo birni neman kayansa.

Batun kwana shi ne inda tsarin Turai ke rushewa baki ɗaya. A nan ba a kafa tanti a gonar mutum don an ga wuri ya yi shiru. Al'adar ƙasar ita ce baƙo ya shiga gari kafin magariba, ya yi salla da jama'a, ya nemi a kai shi wurin hakimi ko liman, ya faɗi daga inda ya fito da inda ya nufa. Daga nan sai a ba shi zaure da tabarma, akushin tuwo ya fito daga cikin gida, keken ma a shigar da shi daga ciki. Gidan sauro ya fi tanti amfani a irin wannan tafiya, kuma ya fi shi rashin nauyi.

Wannan al'ada ce rashin tsaro ya taɓa. Gabashin jihar, wato Sabon Birni, Isa, Rabah da Goronyo, ya sha hare-haren 'yan bindiga. A Oktoban 2021 an kashe sama da mutum 40 a kasuwar Goronyo, a shekarar ce kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar. Ta ɓangaren Tangaza da Gudu kuma 'yan bindigar Lakurawa sun addabi jama'a. Ƙauyen da ya ga irin wannan ba zai kalli baƙo mai jaka da wayar ɗaukar hoto da idon da ya saba ba. Tambayar farko yanzu ita ce, "Wa ka sani a garin nan?" Ba rowa ba ce, tsoron masu kai wa ɓarayi rahoto ne, kuma suna da hujja. Wanda 'yan sintiri suka tarar cikin tanti a bayan gari da tsakar dare zai sha bayani mai tsawo, in ma an tsaya sauraronsa.

Duk da haka keke na dawowa kan titi tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuma matasan da suka fara da zuwa makaranta ko kasuwa ba za su daɗe ba su soma hangen abin da ke gaba da Kware. Ga masu wannan sha'awa, hanyar gabas ba ta biyuwa a yanzu, kowa ya haƙura da ita. Sauran hanyoyin ma a tambayi direbobin tasha halin da suke ciki a ranar tafiya, a tafi mutum biyu ko uku, a riƙe katin shaida da takardar mai unguwa, kuma kada la'asar sakaliya ta riski kowa a tsakanin gari da gari.