Adashen Rage Ƙiba: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Duk ƴar kasuwar da ta san abin da take yi ba ta sayar da gero sai da tiya, ba ta sayar da albasa ko dankali sai ta ɗora bisa sikeli, kuma ba ta kwanciya barci sai ta ƙirga cinikin ranar. To amma idan aka tambaye ta kilo nawa ne nauyin jikinta, ko yaushe rabonta da awon jini, sai ta yi dariya ta ce Allah ne masani. Ni ma haka nake, har ranar da likita ya ɗaura mini abin awo a hannu ya shaida mini cewa jinina ya hau, kuma maganin farko shi ne in rage jiki. Sau uku ina ɗaukar niyya ni kaɗai, sau uku ina watsarwa kafin wata ya cika. Ban ga haske ba sai da muka haɗu da wasu ƴan'uwa mata ƴan kasuwa a nan Anu Araren muka mai da abin tamkar adashe.

Yadda cimarmu ta canza

Idan mai karatu bai manta ba, garuruwan nan namu na arewacin jahar Agadas albarkatun ƙasa ne suka kafa su. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ƙarfen yuraniyom a Arlit a 1971, sannan COMINAK ya biyo baya a Akokan a 1978. Shi kuwa SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, gawayin ƙasa yake haƙowa a Anu Araren domin samar da wutar lantarki ga ma'adinan da kuma garin Agadas. Albashi ya shigo, cima ma ta canza. Inda a da gero da nono da cuku ne abincin gida, sai ga shinkafa da mai, taliya, burodi, madarar gari da lemun kwalba sun zama na kullum. Ga kuma shayi, wanda ba a tashi daga kansa sai an sha kofi uku, kowane da nasa sukari.

Ita kuwa ƴar kasuwa, tun hantsi take zaune a rumfa har la'asar sakaliya. Mai fanke ta wuce a saya, mai ƙosai ta wuce a saya, komawa gida kuma bisa babur. Tun da COMINAK ya rufe a ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki, gidaje da dama sun koma dogaro da jarin mace. Ke nan ranar da hawan jini ko ciwon suga ya kwantar da ita, rumfa ta rufe, jari ya tafi wajen magani da kuɗin mota zuwa babban asibiti, yara kuma su shiga wani hali.

Ƙiba: hutu ko cuta?

Ba boyayyen abu ba ne cewa a al'adunmu mace mai jiki ita ake kallo a matsayin wadda mijinta ya iya riƙo. Zabarmawa suna da hangandi, wasu al'ummomin Azawak kuma sun daɗe suna ɗura wa ƴan mata nono da fura kafin aure. Abin da ya fi muni a yau shi ne ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu magani ne irin su dexamethasone, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya ɗaga suga da jini, ya kuma raunana ƙashi idan an daɗe ana sha ba da umurnin likita ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima. Akwai kuma lissafi mai sauƙi na gane matsayin mutum: a ninka tsawonsa da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da aka samu. Misali, Hajiya mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 80: 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, idan aka raba 80 da shi za a samu 31. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa an shiga ƙibar da likitoci ke tsoro. Wadda lissafin ya yi wa wuya sai ta ari igiyar awo ta tela ta auna ƙugunta daidai cibiya. Ga mace, abin da ya haura santimita 80 gargaɗi ne, ya haura 88 kuwa haɗarin ya yi yawa. Ga namiji 94 ne da 102.

Abin farin ciki shi ne ba sai mace ta koma kamar sillen kara ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane 3,234 waɗanda sugansu ya fara hawa, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga Hajiyarmu mai kilo 80, maganar ba ta kai ta kilo 6 ba.

Me ya sa sai da ƴan'uwa?

Wannan dabara ba mu muka fara ta ba. A 1961 wata matar aure a birnin Niyok mai suna Jean Nidetch, wadda nauyinta ya kai kimanin kilo 97, ta ga ta kasa ita kaɗai, sai ta gayyato ƙawayenta shida ɗakinta suna haɗuwa duk mako, kowa na faɗin abin da ta ci ba ɓoye-ɓoye. Ta rage fiye da kilo 30, kuma daga wannan zaman ne kamfanin Weight Watchers ya samo asali a 1963.

Masana ma sun gwada abin. A 1999 Rena Wing da Robert Jeffery sun buga sakamakon wani gwaji, inda a cikin waɗanda suka shiga shirin rage ƙiba su kaɗai, kashi 24 cikin 100 ne kawai suka riƙe abin da suka rage har zuwa wata na goma. A cikin waɗanda suka zo da abokai aka kuma koya musu tallafa wa juna, kashi 66 ne suka riƙe. Har ila yau, wani binciken na 2008 kan mutane kusan 1,700 ya gano cewa masu rubuta abin da suka ci kowace rana sun rage ninki biyu na abin da marasa rubutawa suka rage.

Duk wadda ta taɓa shiga adashe ta san sirrin. Jika guda da ke hannunki ke kaɗai, kafin dare kin kashe ta. Amma idan kin san uwar adashe na tafe da littafinta, ko ta halin ƙaƙa sai kin ajiye zubinki.

Yadda ake tafiyar da shi

Da farko kada a yi yawa, mutum biyar zuwa goma waɗanda suka yarda da juna sun isa. A zaɓi mai riƙon littafi mai riƙon sirri. A tsai da rana ɗaya a mako, a hau sikeli ɗaya, da safe kafin karin kumallo, domin sikeli biyu ba su faye faɗin magana ɗaya ba. A gaban sunan kowa a rubuta nauyi, da awon ƙugu sau ɗaya a wata, da kwanakin da aka yi tafiyar ƙafa. Wadda ba ta yi lakwal ba sai ta riƙa jan layi ko ta ajiye ƙwallon dabino a gwangwani duk ranar da ta cika alkawari. A tsakanin mako kuma saƙon murya ta salula ya isa a tashi juna da asuba ko a tambayi wadda aka ji shiru.

Zubin wannan adashe abu uku ne. Na farko tafiya: minti 30, kwana biyar a mako, bayan sallar asuba ko gab da magariba saboda zafin ranarmu, kuma a Arlit a nisanci tulin ƙasar ma'adinai. Na biyu sukari: OMS ta ce kada babba ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, shida ma ya fi, alhali kwalbar lemu guda tana ɗauke da wajen takwas. Ba a ce a bar shayi ba, a dai riƙa rage sukarin sannu a hankali har harshe ya saba. Na uku kwano: a rage shinkafa da mai da dunƙule, a ƙara wake, zogale, kabeji, tumatir da sauran kayan lambun da ke sauko mana daga duwatsun Ayar. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini.

Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiya mai kyau. Akwai makon da sikeli zai tsaya cik, akwai na biki ko na salla da zai ƙaru. A nan ne ake gane amfanin ƴan'uwa. Ni kaina na taɓa ƙin zuwa awo mako biyu saboda kunya, sai ga su sun yi sallama a ƙofar gidana da sikelin a cikin buhu. Babu wadda ta yi mini gori, aka rubuta abin da ya nuna, washegari muka fita tafiya.

Abin kiyayewa

Abu uku ke kashe irin wannan haɗin kai: gori, fallasa da talla. Wadda aka yi wa dariya ba ta dawowa, wadda aka kai nauyinta bakin kasuwa ma haka. Sannan kada a bari kowa ta mai da zaman wurin sayar da shayin rage tumbi ko ƙwayar da ba a san asalinta ba, domin da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sawa, ruwan jiki ya tafi kitse na nan. Mai juna biyu ba ta shiga wannan adashe. Mai shayarwa da wadda ke shan maganin suga ko na hawan jini su fara ganin likita, kuma kada a bar magani don an ga kilo ya sauka. Ranar foyandi ma a yi shawara a rage soye-soye da lemu, kada abin da aka tara a wata ya zube a yini guda.

A ƙarshe, ina kira ga magidanta da su daina auna darajarsu da faɗin jikin matansu, su ba su izinin fita tafiya, in da hali ma su raka su, tunda tumbi bai bar maza ba. Ƴan'uwana ƴan kasuwa kuwa, ku nemi littafi da sikeli da ƙawaye na gari tun wannan mako. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa albarka a kasuwa, amin.