Ba kowane ciwon ciki ne olsa ba

A Potiskum, da zarar mutum ya dafe ciki, kafin ya gama bayani an yanke masa hukunci: olsa ce. Sai a wuce kemis a karɓo omeprazole. Alhali cututtuka da dama ne ke ɓuya a bayan wannan suna.

Abin da likita zai fara tambaya shi ne inda ke ciwo. Gyambon ciki, wato olsa, zafinsa a ƙahon zuci yake tsayawa. Ƙwannafi kuwa hawa yake daga ƙirji zuwa maƙogwaro, da ruwa mai tsami, musamman in an kwanta bayan cin abinci. Idan ciwon yana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yana tashi bayan cin maiƙo, yana harbawa har kafaɗa, to a duba tsakuwar matsarmama, wadda hoton ciki ke nunawa. Wanda ya fara a cibiya, bayan wasu sa'o'i ya sauka gefen dama na mara da amai, alamar afendis ce, kuma aikin tiyata ne.

Sai lokacin da yake tashi. Gyambon da ke farkon ƙaramin hanji yakan tayar da mutum cikin dare ko in ya ji yunwa, ya lafa da an ci wani abu. Shi ya sa jama'a suka ɗora wa yunwa laifi. Yunwa da yaji tsokanarsa kawai suke yi. Manyan masu haddasa shi biyu ne. Akwai ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda likitoci Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982. Akwai kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda wasu direbobin tirela da masu lodi a kasuwar shanu ke sha kullum kamar gyaɗa. Ana gano ƙwayar ta gwajin bayan gida ko na numfashi, kuma omeprazole kaɗai ba ya kashe ta, sai an haɗa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta na kusan kwana 14.

Daga nan a lura da abin da ya rako ciwon. Zazzaɓi na kwanaki da ciwon kai na iya zama taifot, amma gwajin Widal shi kaɗai ba hujja ba ne. Gudawa fara mai kama da ruwan wankin shinkafa kwalara ce, a fara ruwan gishiri da sukari tun a hanya. Jini da majina a cikin gudawa atini ne. Jan jini bayan an gama bayan gida galibi basir ne, sai dai in dattijo ne yana ramewa, kada a tsaya ga jiƙo.

Baƙin kashi, aman jini, cikin da ya sandare, ko zafin ƙirji da gumi ga mai hawan jini, waɗannan ba na kemis ba ne. A kai mara lafiya Asibitin Ƙwararru na Potiskum nan take, ko da tsakar dare ne.