Kafin Ki Tura, Uwargida, Tambayi Wa Ya Faɗa

   

Yau zancenmu a kan wani baƙo ne da ke shigowa gida ba ya tsayawa a zaure, ba ya neman iso, kai tsaye sai ƙuryar ɗaki. Wayar hannu nake nufi. A da, kafin labari ya iso wa matar da ke cikin kulle sai ya biyo ta bakin maigida, ko dillaliya, ko yarinya mai talla, ko akwatin rediyo. Yanzu kuwa kina gindin murhu, labarin Makka da na Legas yana faɗowa cikin tafin hannunki. Ba a nan ma abin ya tsaya ba. Ke ma kin zama mai kai labari. Da yatsa ɗaya za ki aika magana ta shiga gidaje ɗari, alhali ko soro ba ki leƙa ba. To, a cikin saƙonnin nan akwai wani iri da ya fi kowanne saurin shiga zuciya, wato wanda ya zo sanye da rigar addini.

Bari mu fara da wanda kusan kowaccenmu ta taɓa gani ko ta ji. Ana kiransa wasiyyar Shehu Ahmad. Wai wani mutum ne mai hidima a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a birnin Madina, ya yi mafarki da Manzon Allah, aka gaya masa dubban mutane sun mutu a wannan mako ba cikin imani ba. Daga ƙarshe sai a ce duk wanda ya kwafi takardar ya rarraba za a gina masa gida a Aljanna, a biya masa bashi, wanda ya ƙaryata kuma zai rasa ceto, ko wata masifa ta auka masa. Iyayenmu sun san ta a rubuce a takarda, ana rabawa a tasha da bakin masallaci. Yau ta koma WhatsApp da Facebook, wani lokaci har da saƙon murya mai kuka-kuka.

Wannan wasiyya ƙarya ce, kuma tsohuwar ƙarya. Shehu Rashid Rida, mai mujallar Al-Manar ta birnin Alƙahira, wanda ya rasu a 1935, ya bayyana cewa tun yana yaro yake ganin ta tana yawo. Shehu Abdul'aziz bin Baz, babban mai fatawa na Saudiyya da ya rasu a 1999, ya rubuta bayani na musamman yana ƙaryata ta, yana gargaɗin Musulmi kada su yaɗa. Ki duba fa, sama da shekara 100 ana cewa “wannan makon” aka yi mafarkin. Sannan ki tambayi kanki, ko Alƙur'ani mai girma, an taɓa cewa wanda bai kwafe shi ya raba wa mutum 10 ba zai rasa ceto? To ina ga takardar da ba a san marubucinta ba?

Me ya sa irin wannan saƙo ba ya mutuwa? Domin an gina shi a kan abu biyu da ke zuciyar kowace mumina, kwaɗayin lada da tsoron azaba. Mai ƙirƙirar saƙon ya san ba za ki so a ce kin ji sunan Annabi kin yi shiru ba. Shi ya sa yake haɗa ki da Allah, ya ce idan kina son Manzo ki tura. Lissafin kuma mai sauƙi ne. Ke kin tura wa mutum 10, kowannensu ya tura wa 10, an sami 100. A zagaye na uku 1,000. A zagaye na shida an taɓa mutum miliyan 1. Duk wannan yana iya faruwa tsakanin sallar Azahar da ta Isha'i.

Wata za ta ce, to mene ne aibu, ai ko ba gaskiya ba ne yana sa mutane su tuna Allah. 'Yar'uwa, addinin Allah ba ya bukatar a tallafe shi da ƙarya. Kuma hannun da ya saba turawa ba tare da tambaya ba, wata rana zai tura abin da zai ci rai. Ga misalai daga ƙasarmu.

A watan Yulin 2014 cutar Ebola ta shigo Legas. A farkon watan Agusta, wata asubahi, wayoyi suka yi ta ruri a faɗin Nijeriya, ana cewa a tashi a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, wai shi ne kariya. Masu bugo wayar nan ba maƙiya ba ne. Uwa ce ke kiran 'yarta, ya ke kiran ƙanwarta, don ƙauna. Amma gishiri mai yawa guba ne ga mai hawan jini. Jaridu sun ruwaito rasuwar aƙalla mutum 2, wasu da dama kuma aka kwantar da su a asibiti. Ita Ebolar da aka ji tsoro, mutum 8 ta kashe a duk ƙasar kafin a tabbatar da an rabu da ita ranar 20 ga Oktoba na shekarar, kuma ma'aikatan lafiya ne suka tare ta da ikon Allah, gishiri bai taka wata rawa ba.

Misali na biyu ya fi kusa da mu, wato rigakafin shan inna. A 2003 magana ta bazu cewa an zuba maganin hana haihuwa a cikin ɗigon, wai makirci ne aka ƙulla wa Musulmi. Tsoron mutane yana da tushe, don ba a manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin, ba a ci gaba ba sai watan Yulin 2004, bayan an yi bincike an kuma samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. A tsakanin nan cutar ta sami sarari. Yara suka shanye, ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Jita-jitar kuma ba ta mutu nan take ba. A watan Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, mata 'yan'uwanmu da suka fito neman halalinsu. Sai da sarakuna da malamai suka tashi tsaye, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, sannan hankali ya kwanta, har a watan Agustan 2020 aka tabbatar da nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Har yanzu ana bin gida-gida da ɗigon don kada wani nau'inta ya sami kafa. Ki tuna, a 2003 babu WhatsApp, da baki da kaset maganar ta yi wannan ɓarna. Yaya kike gani da a ce yau ne?

Na uku shi ne mafi muni, saƙon da ke haɗa Musulmi da Kirista faɗa. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin jihar Filato, an yi ta yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa ga abin da aka yi wa mutanenmu. Binciken da BBC ta yi daga baya ya gano cewa wasu hotunan ba ma na Nijeriya ba ne, ɗaya daga ƙasar Kwango aka ɗauko shi, kuma ya yi shekaru. Amma kafin gaskiya ta fito, an tare hanya a Jos an kashe matafiya 11 da ba su ji ba ba su gani ba. Irin wannan hoto kowane ɓangare ana aika masa nasa, a canza rubutun da ke ƙasa kawai. Idan wuta ta tashi kuma, mazanmu ne a kasuwa, 'ya'yanmu ne a kan hanya, mu ne za mu yi takaba.

To me addininmu ya ce? A aya ta 6 cikin Suratul Hujurati, Allah ya umarci muminai su yi bincike idan wanda ba a amince da shi ba ya kawo labari, don kada su cutar da wasu cikin jahilci su dawo suna nadama. Imamu Muslim kuma, a gabatarwar littafinsa, ya kawo hadisin da ke nuna cewa mutum ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, wannan kaɗai ya ishe shi zama maƙaryaci. Jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba da gangan kuwa, gargaɗin wuta ne ya zo a kansa. Wannan ne ya sa malaman hadisi suka kafa ilimin isnadi. Ba sa karɓar magana sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi kuma daga wa, kuma kowannensu mai gaskiya ne ko a'a. Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, shekara 16 ya yi yana tace littafinsa. Mu kuma ko minti ɗaya ba ma yi kafin mu danna.

Darasin da ya fi dacewa da mu mata yana cikin ƙissar ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Munafukai ne suka ƙirƙiro maganar, amma abin da ya ba ta ƙafa shi ne wasu mutanen kirki da suka ji suka maimaita. Kusan wata guda Madina na cikin damuwa, har Allah ya saukar da ayoyi a Suratun Nur ya wanke ta, ya kuma tsawata wa masu karɓar magana daga harshe zuwa harshe suna ɗaukar abin ƙarami. A cikin waɗanda suka maimaita har da Hamnatu 'yar Jahshi, wadda take ganin tana taya 'yar'uwarta Nana Zainab kishi. Ita kuwa Nana Zainab, abokiyar zaman A'isha, da Manzon Allah ya tambaye ta, sai ta tsare jinta da ganinta, ta ce alheri kaɗai ta sani. Ki duba, kishiya ce fa, dama ta samu, amma tsoron Allah ya hana ta. Yau da hoton wata baiwar Allah ko muryarta ya faɗo zaurenmu na WhatsApp ana cewa an kama ta da kaza, wace ce za mu zama a cikin 'yan'uwan nan biyu?

Yanzu ga abin da za ki iya yi kina zaune a ɗakinki. Da farko ki dubi saman saƙon. Idan kika ga alamar kibiya biyu, ma'anarta saƙon ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ki, wadda ta turo miki ba ita ta rubuta ba. Shi kansa kamfanin WhatsApp ya ga ɓarnar, shi ya sa a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri 5 a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da irin wannan saƙo mai yawan yawo zuwa wuri 1. Sai ki tambayi wadda ta turo, daga ina kika samo? Idan amsar ita ce “ni ma turo min aka yi”, to isnadi ya yanke, maganar ta tsaya a wurinki.

Idan an ce hadisi ne, a gaya miki littafin da yake ciki, ki kai wa malamar Islamiyyarku, ko ki roƙi maigida ya tambayo limamin unguwa. Idan maganar magani ce ko rigakafi, ma'aikaciyar asibitin da kike zuwa awo ta fi saƙon murya sani. Idan labarin rikici ne, ki jira ki ji ko gidajen rediyon da kika sani sun faɗa, don su akwai hukumar da ke tuhumarsu idan suka yi ƙarya. Kada kuma jin muryar malamin da kika sani ya sa ki saki jiki. Ana yanke wa'azi a ɗauki tsakiya a bar farko da ƙarshe, ma'ana ta juye. Yanzu ma da fasahar ƙirƙirarriyar basira ana kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, a sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Duk saƙon da ya ce maza ki tura yanzu-yanzu, ko ya rantsar da ke, ko ya yi miki barazana da musiba, wannan gaggawar ita ce alamar rashin gaskiyarsa. Idan kuma kin gano ƙarya ce, ki gaya wa wadda ta turo cikin lalama, ita kaɗai, musamman idan babba ce. Ki ce, Hajiya, na tambaya an ce wannan bai inganta ba. Ba sai kin kunyata ta a gaban jama'a ba.

Kai ilimi gida-gida tsohuwar sana'armu ce mu mata. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis suna kai karatu ga matan karkara, 'yan taru. Amma kowace jaji an san wurin wa ta yi karatu, an san abin da aka ba ta ta kai. Wayar da ke hannunki ta ba ki irin wannan dama, sai ki riƙe ta da irin wannan amana. Magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Wadda ta ga saƙon da ba ta tabbatar ba ta goge shi, ba ta yi asarar lada ba, ta ma tsare kanta da 'yan'uwanta.

A nan za mu dakata sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa min kan yara. Allah ya tsare harsunanmu da yatsunmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum warahmatullah.