Aikin Raino Kafin Shiga Jami'a: Abin Da Ya Kamata Budurwa Da Iyayenta Su Auna

Da zarar an ajiye biro a jarrabawar ƙarshe ta sakandare, sai dogon zaman jira ya fara a gidaje da dama. An rubuta JAMB tun wajejen Afrilu, an gama WAEC a Yuni, NECO ta biyo baya, sakamako kuma sai wajen Agusta zuwa Satumba. Daga nan sai sauraron gurbin karatu, wanda kan ɗauki wata uku ko shida, wani lokaci ma shekara ta zagayo yarinya tana gida.

A daidai wannan lokaci ne makarantun firamare suke tafiya dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Matan da ke aikin ofis da asibiti da banki, da masu shago a kasuwa, sai su shiga neman wadda za ta zauna musu da yara. A unguwannin Hausawa irin su Agege da Idi-Araba a Legas, da Sabo a Ibadan, maganar takan zo ne ta bakin 'yar uwa ko maƙwabciya: wance tana neman mai raino, ga 'yarku tana zaune ba ta komai, me zai hana ta je ta kama mata kafin makaranta ta fito?

Iyaye da yawa nan take suke amsawa, wasu don kunyar mai roƙo, wasu don halin da aljihu yake ciki. Alhali abu uku ne masu nauyi a cikin wannan shawara: karatun yarinyar, da mutuncinta, da kuma ran ɗan mutane da za a damƙa mata.

Amfanin da ke ciki

Babu mai musun cewa kuɗin zai yi rana. Shiga jami'a a yau hidima ce babba: kuɗin karɓar gurbi, da na rajista, da na ɗakin kwana, ga katifa da bokiti da ƙaramar tukunyar gas da kayan abinci, ga kuɗin mota idan makarantar tana Zariya ko Kano ko Ilori. Bashin karatu na asusun NELFUND, wanda aka sanya wa dokarsa hannu a 2024, sai wanda ya riga ya samu gurbi a makarantar gwamnati ne yake iya nema, don haka hidimar farko a wuyan iyaye take. Yarinyar da ta tara albashin wata biyu ko uku ta rage wa mahaifinta nauyi, kuma ta san zafin nema tun kafin ta fara riƙe kuɗin kanta a makaranta.

Akwai kuma horo. Tashi a kan lokaci, haƙuri da rigimar yaro, iya magana da manya, duk darussa ne. Wadda take son karanta aikin jinya ko ungozoma ko koyarwa, za ta gane da wuri ko zuciyarta za ta iya ɗaukar hidimar yara daga safe zuwa dare.

Wata biyu kan zama shekara

Babban haɗarin wannan aiki shi ne rashin wa'adi. Ana farawa da "kafin makaranta ta fito", wanda ba rana ba ce a kalanda. Kalandar jami'o'inmu kuwa kowa ya san halinta. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Idan jira ya yi tsawo, yaro ya saba da mai raino, uwar ɗaki ta ji daɗin hutu, sai a fara lallashi: ki bari sai baɗi, ai za mu ƙara miki kuɗi. Ita ma yarinyar ta ɗanɗana albashi, littafi ya fara fita daga ranta.

Neman gurbi kuma yana buƙatar bibiya. Jami'o'i da yawa suna da tasu jarrabawar tantancewa ko tantance takardu, kuma kowace da ranakunta. Dole a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB, sannan idan gurbi ya fito a tsarin CAPS, sai ɗaliba ta shiga ta karɓa cikin lokacin da aka ɗiba. Yarinyar da take gidan da aka hana ta riƙe waya, ko wadda ba ta da damar fita shagon intanet, tana iya rasa gurbin da ta sha wahalar nema ba tare da ta ma san ya fito ba.

Saboda haka sharaɗi na farko shi ne a sa rana. A ce daga ranar kaza ga Yuli zuwa ranar kaza ga Satumba. A kuma amince tun farko cewa duk ranar da makaranta ta kira ta, za ta tafi ba tare da an riƙe mata ko kwabo ba.

Raino ne ko aikatau?

A gidaje da yawa ana cewa raino, amma idan an je sai a tarar da wanki da wanke-wanke da girki da goge-goge da aiken kasuwa. Kafin a amsa, a tambaya dalla-dalla: yara nawa ne, shekarunsu nawa? Daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa? Akwai tashin dare? Wa zai yi girki? Wace rana ce ta hutu? Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan masu aikin gida, ta shekarar 2011, ta tanadi hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako. Ma'auni ne mai kyau da kowane gida zai iya ɗauka.

Maganar albashi ita ce kunya ta fi yi wa illa, musamman idan gidan goggo ne ko na inna. Sai ka ji an ce ai 'yarmu ce, za mu sallame ta idan za ta tafi. Sallamar kan ƙare a turmin atamfa da kuɗin mota, daga nan zumunci ya yi tsami. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa Naira 70,000 ne tun Yulin 2024, sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka mai raino ba ta da abin kamawa sai abin da aka yi yarjejeniya a kansa. A yanka kuɗin a gaban shaida, a rubuta ko da a saƙon waya ne, kuma a riƙa biya duk ƙarshen wata a asusun yarinyar na banki. A guji dillalan 'yan aiki masu cewa albashin ya riƙa bi ta hannunsu.

Abin da doka ta ce game da shekaru

Hukumar JAMB ta tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, wato da yawa daga cikin masu jiran gurbi ba su kai 18 ba. A Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma dokar ta hana a ɗauki yaro aikin gida a wajen gidansu ko wajen danginsa. Dokar tana aiki a Abuja, Jihar Legas kuma ta kafa irinta a 2007. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiwatarwa, ta mayar da ɗaukar yaron da bai kai 12 ba aikin gida laifin da ake hukunta mutum a kai. A taƙaice, idan yarinya ba ta cika 18 ba, batun tura ta gidan baƙi bai ma taso ba.

A je a ga gidan

Gani ya kori ji. Uwa ko babbar ya ta taka ta je gidan da kanta kafin a amsa. Su wane ne suke zaune a ciki? Akwai samari, ƙannen maigida, direba ko maigadi? Akwai lokutan da yarinyar za ta kasance ita kaɗai da namiji a gidan? Idan kwana za ta riƙa yi, ina ɗakinta, kuma yana da sakata ta ciki? Za a bar ta ta yi ibadarta a kan lokaci, ta ci irin abincin da 'yan gida suke ci?

Inda hali ya yi, aikin jeka-ka-dawo ya fi kwanciyar hankali, ko da kuɗin mota zai ɗan rage abin da za a samu. Wayarta ta zauna a hannunta, iyaye su riƙa kira kullum. Mafi muhimmanci, a faɗa mata a fili cewa duk ranar da wani ya taɓa ta, ko ya yi mata maganar banza, ko aka ɗaga mata hannu, ta dawo gida, babu mai yi mata faɗa. Yara mata da yawa suna yin shiru ne don tsoron kada a ce sun ɓata zumunci.

Ran ɗan mutane a hannunki

Ke kuma 'yata, kafin ki ce to, ki tambayi kanki ko kin taɓa riƙe yaro ke kaɗai na tsawon yini. Rainon ƙanne a gaban Umma daban yake da zama da jariri a gidan da babu babba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga abubuwan da bai kamata ki fara aiki ba ki san su ba:

Jariri a rigingine ake kwantar da shi idan zai yi barci. Ba a ba wanda bai shekara ba zuma, kuma wanda bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ake ba shi, sai abin da likita ya ce. Komai tsananin kukansa kada ki jijjiga shi da ƙarfi, domin hakan yana iya janyo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Idan ranki ya ɓaci, ki ajiye shi a gadonsa, ki kira uwarsa.

Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a bokiti ko bahon da ruwansa bai taka kara ya karya ba, cikin 'yan mintuna kuma ba tare da ihu ba. A zubar da ruwa, a rufe duro da rijiya. Kananzir ko fetur ɗin janareto da aka zuba a gorar lemo, da maganin ɓera da na sauro, a ɗaga su sama. Idan yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a wuce asibiti.

Ƙunar wuta ko ta ruwan zafi, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, ban da shafa ƙwai ko man goge baki. Idan zazzaɓi ya sa yaro jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani jiƙo a baki, a kai shi asibiti nan take. Gudawa kuwa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, a sanar da iyaye. Kada ki ba yaro wani magani sai wanda uwarsa ta nuna miki da adadinsa.

Ki rubuta lambar uwa da ta uba da ta maƙwabciya, da sunan asibiti mafi kusa. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Ki tambaya ko yaron yana da sikila ko asma ko abincin da jikinsa ba ya so. Idan kina fama da tarin da ya wuce mako biyu, ki je a duba ki kafin ki kusanci jariri.

Ga uwar ɗaki

Hajiya, wadda za ki ɗauka ɗaliba ce mai jiran makaranta, kuma kin sani tun farko cewa tafiya za ta yi. Ki fara neman madadinta tun kafin wa'adi ya cika. Ki zauna da ita kwana biyu ko uku na farko ki nuna mata halin yaranki. Kuɗi da gwal a kulle su, don kada zargin sata ya shiga tsakani ranar da wani abu ya ɓace. Mai rainon da ta ƙoshi, ta yi barci, aka biya ta a kan lokaci, ita ce za ta riƙe miki ɗa da zuciya ɗaya.

Yaushe za a ce a'a?

Idan an ƙi sa ranar gamawa, ko an ƙi yanka albashi, ko an ce sai ta ajiye waya, ko an hana iyaye ganin gidan, ko ita yarinyar ta ce hankalinta bai kwanta ba, to a yi godiya a ba da haƙuri. Akwai wasu hanyoyin cin moriyar wannan hutu: koya wa yaran unguwa darasi a gida, taimaka wa malamai a Islamiyya, koyon ɗinki ko ƙunshi ko kwamfuta, ko sake shirin JAMB idan makin bana bai kai ba.

Idan kuwa yarinya ta cika 18, gidan sananne ne, an ga wurin kwana, an rubuta albashi da ranar gamawa, kuma ita da kanta ta ce tana so, to a sa mata albarka ta je. Sai dai takardunta na makaranta su zauna a gida, kuma wani daga cikin iyali ya ɗauki nauyin duba shafin JAMB tare da ita kowane mako, har ranar da sunanta zai fito.