Illar Hayaƙin Taba Sigari ga Ɗan Tayi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda hayaƙin taba sigari ke cutar da ɗan tayi, musamman a makonni takwas na farkon ciki, lokacin da gaɓoɓinsa ke ginuwa, alhali sau da yawa uwar ba ta tabbatar da samun cikin ba tukuna.

2.0 Hanyoyin Cutarwa

Hayaƙin taba na ƙunshe da sinadarai fiye da 7,000, amma biyu sun fi yin ɓarna a nan. Na farko, nikotin, yana tsuke jijiyoyin jini, sai jinin da ke isa mabiyiya ya ragu. Na biyu, iskar kabon monoksaid, tana manne wa jini fiye da yadda oksijin ke yi har ninki 200. Saboda haka tayi yakan rasa isasshen abinci da iska.

A shekarar 1957 Winea Simpson ta gano a Amurka cewa mata masu shan taba sun ninka marasa sha wajen haihuwar bakwaini. Bincike na baya ya nuna jariransu sukan kasa sauran jarirai da kimanin giram 200. Haka kuma rahoton Babban Likitan Amurka na 2014 ya tabbatar da cewa taba tana haddasa tsagewar leɓe ko ganɗa, da zaman ciki a wajen mahaifa.

3.0 Kammalawa

Ko da uwa ba ta sha, hayaƙin maigida a ɗaki ɗaya yana isa ga tayi. Barin taba tun farkon ciki kuwa yakan rage wannan illa ƙwarai da gaske.