Daga Etisalat zuwa T2: me ya durƙusar da layin 0809?

Idan ka zaga Mile 12 ko Agege a Legas, ko Sabo a Ibadan, har gobe za ka ga allunan shaguna masu lambar da ta fara da 0809. Da yawa daga cikin masu waɗannan lambobi sun daɗe da sayen wani layin, amma sun kasa yar da tsohon, domin shi ne wanda kwastoma da direban tirela da mutanen gida suka haddace. To kamfanin da ke da wannan layi ya sake canza suna a watan Agustan 2025, daga 9mobile zuwa T2. Yaya aka yi ya kai ga haka?

Etisalat ya fara aiki a Najeriya a 2008, bayan MTN da Econet (wanda yau ake kira Airtel) sun shekara bakwai a kasuwa, Glo kuma biyar. Duk da zuwan da ya yi a makare, ya samu karɓuwa, musamman wajen matasa masu son data mai sauri. Zuwa 2016 layukansa sun haura miliyan 20.

Inda gizo ke saƙar shi ne bashi. A 2013 kamfanin ya karɓi rancen da ya kai dala biliyan 1.2 daga bankunan Najeriya 13, domin faɗaɗa sabis da biyan tsohon bashi, kuma wani kaso na kuɗin da dala za a biya shi. A lokacin ana sayar da dala wajen naira 160. A watan Yunin 2016 Babban Banki ya saki naira, ba a jima ba dala ta wuce 300 a farashin gwamnati. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karɓo kaya bashi a Kwatano da sefa, ya zo ya sayar da naira, ya san wannan ciwo. Mu muna sa kati da naira, farashin kira bai motsa ba, amma kowace dalar da ake bin kamfanin ta kusa ninkawa.

A 2017 biya ya gagara. Bankuna suka taso, Babban Banki da hukumar NCC suka shiga tsakani don kada a rufe layin mutane su yi asara, uwar kamfanin da ke Hadaddiyar Daular Larabawa kuma ta tattara nata ya nata ta fice, har da sunanta. Nan aka samu 9mobile. Teleology ya karɓa a 2018, LH Telecommunication kuma ya sayi mafi yawan hannun jarin a 2024.

A ganina, abin da ya fi bashin illa shi ne shekarun da suka biyo baya. Sana'ar sadarwa ba ta jiran mai neman numfashi. Kowane ƙarfen sabis da kake gani a unguwa yana da janareta mai shan gas kusan dare da rana, saboda halin da wutar lantarki ke ciki. Yawancin ƙarafunan ma ba na kamfanonin waya ba ne, haya suke biya ga irin su IHS. Na'urorin daga waje ake shigo da su, da dala. Ga masu aikin titi da ke tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa, ga ɓarayin batir da mai. Kamfanin da bai da kuɗin zubawa sai sabis ɗinsa ya fara rauni, mutane su gudu, kuɗin shiga ya ragu, sabis ya ƙara lalacewa. Kuma tun 2013 da aka ba da damar sauya kamfani ba tare da canza lamba ba, gudun ya zama da sauƙi. Bayan tantance layuka da lambar NIN, alƙaluman NCC na ƙarshen 2024 sun nuna 9mobile bai kai layi miliyan 4 ba. MTN na riƙe da fiye da rabin kasuwa, Airtel kusan kashi ɗaya cikin uku.

Kada a ɗauka manyan sun tsira. Faɗuwar naira ta sa MTN Najeriya ya yi asarar naira biliyan 137 a 2023, ya sake yin ta kusan biliyan 400 a 2024. Bambancin kawai shi ne babba yana da kitsen da zai jure. Wannan kukan ne ya sa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wanda duk muka ji a aljihu.

Dabarar da T2 ya koma yanzu ita ce hawa kan ƙarafunan abokin hamayya. A 2025 NCC ta amince masu layinsa su riƙa amfani da sabis ɗin MTN a wuraren da nasa bai kai ba. Ga mai kiran gida Illela ko Maigatari, wannan na iya zama sauƙi. Sai dai mai haya a gidan kishiya ba ya sakewa yadda yake so.

Shawarata ga mai 0809 a allon shago: kada ka bar layin ya kwanta watanni ba kira ba kati, domin ana karɓe layin da aka daina amfani da shi a sayar wa wani, alhali wataƙila shi ne a asusunka na banki. Idan sabis ya ishe ka, je ofishin kamfanin da kake son komawa da lambar NIN ɗinka, za su mayar da kai da lambarka yadda take. Amma ka cinye katin da ke ciki kafin ka tafi, ba ya bin ka.